Muryar Namiji da Muryar Mace: Abin da Jiki Ya Gina da Abin da Aka Koya

Gabatarwa

A hunturun da ya gabata, ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta wata makarantar sakandare da ke kusa da Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina, ta gayyace ni in yi mata lacca a kan balaga. Da na kammala, sai aka zagaya da kwali domin duk wanda yake jin nauyin yin tambaya da baki ya rubuta ya jefa. Takardu biyu daga cikin waɗanda aka jefa su ne sanadin wannan rubutu. Ta farko cewa take yi: "Malam, shekarata 17, har gemu ya fara fito mini, amma muryata ta yara ce. Abokaina suna kirana ɗan daudu, na ma daina ɗaga hannu a aji. Akwai magani?" Ta biyu kuwa ga abin da ta ƙunsa: "Malam, muna ganin bidiyon wasu mutane na ƙasashen waje da aka haifa maza, amma in suka yi magana sai ka rantse mata ne. Ƙwaya suke sha ko tiyata aka yi musu?"

Lokaci bai ba ni damar amsa su yadda ya kamata ba a wannan rana. Da na zauna daga baya sai na ga ashe tushensu ɗaya ne, wato wane ɓangare na murya ne jiki yake ginawa, wane ne kuma mutum yake koya. Duk wanda ya fahimci wannan rabo zai san abin da horo zai iya gyarawa a murya, da abin da ya fi ƙarfin horo.

Inda murya take fitowa

Mai karatu ya ɗora yatsa a gaban wuyansa, daidai wurin nan mai tudu da ake kira zakaran wuya, ya ja sautin "sss" sa'an nan ya juya shi zuwa "zzz". A na biyun zai ji wurin yana rawa. Wannan rawa ita ce malaman Hausa suke kira ziza idan suna koyar da furuci. A bayan zakaran wuya akwai wani ɗan akwati na guringuntsi mai suna maƙwallato, wanda yake zaune a kan bututun da ke kai iska huhu. A cikinsa akwai tantani guda biyu na tsoka, a shimfiɗe daga gaba zuwa baya, ana ce musu tantanin maƙwallato. Idan muna numfashi sai su ware iska ta wuce. Idan za mu yi magana sai su matso su haɗu, iskar huhu ta turo ta buɗe su, su sake rufewa, ta sake buɗe su, a haka har sau ɗari ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya.

Cikin mutanen farko da suka ga wannan tantani yana aiki a jikin mai rai akwai wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifen, Manuel García. A shekarar 1854 ya sa ɗan ƙaramin madubi irin na likitan haƙori a can cikin bakinsa, ya haska shi da hasken rana ta wani madubin, ya kalli maƙwallatonsa yana rera sauti. Har yau likitocin maƙogwaro suna bin wannan dabara, sai dai yanzu sun fi amfani da siririn bututu mai kyamara.

Yawan buɗewa da rufewar tantanin a daƙiƙa ɗaya shi ke sa murya ta yi kauri ko ta sirance. Ana auna shi da ma'aunin haz, wanda ya samo suna daga masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Hertz. Haz 100 na nufin kaɗawa 100 a daƙiƙa. Muryar hira ta baligin namiji takan tsaya kusa da haz 110 zuwa 120, ta baligar mace kusa da 200 zuwa 220, ta ƙananan yara kuwa takan kai 250 zuwa 300.

Abubuwa uku ne suke ƙayyade saurin kaɗawar: tsawon tantanin, da kaurinsa, da yadda aka ɗame shi. Duk wanda ya taɓa kallon mai gurmi ko mai garaya ya san doguwar tsirkiya mai kauri tana ba da sauti mai kauri, gajera siririya kuma tana ba da siriri. Wanda ya saurari kalangun da ke bin waƙoƙin marigayi Alhaji Mamman Shata kuwa ya ji misalin ɗamewa, domin da makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu a hammata, fatar ta ɗame, sai sautin ya hau. Mu ma muna da wata ƙaramar tsoka a gaban maƙwallato da take jan tantanin ta ɗame shi idan za mu ɗaga murya. Ɗamewa tana hannun mai magana. Tsawo da kauri kuwa jiki ne yake yanke su, kuma lokacin balaga yake yin haka.

Abin da balaga take yi

A shekarar 1849 wani likita a garin Gottingen na Jamus, Arnold Berthold, ya yi gwaji da 'yan zakaru. Waɗanda ya fiɗiye suka girma ba tare da zankon kirki ba, ba sa faɗa, ba sa cara irin ta zakaru. Waɗanda ya dasa wa 'ya'yan maraina a cikin ciki kuwa suka girma suna cara kamar kowane zakara. Daga nan ya gane cewa akwai wani abu da marainan suke zubawa cikin jini. Sai a 1935 aka tace wannan sinadari aka sa masa suna testosteron. Yana cikin rukunin sinadaran da ake kira homon, wato 'yan saƙon da jini yake ɗauka daga wata gaɓa zuwa wata.

Idan yaro namiji ya kai shekara 12 zuwa 15, testosteron yakan ƙaru ƙwarai a jininsa. Sai guringuntsin maƙwallato ya girma ya turo gaba, zakaran wuya ya bayyana. Tantanin ya ƙara tsawo da kauri, har ya kai milimita 17 zuwa 25 a baligin namiji, alhali na mace yakan tsaya tsakanin 12 da 17. Saurin kaɗawar muryar yaron yakan ragu da kusan rabi. A watannin da ake wannan gini, tsokoki ba su riga sun saba da sabon girman ba, shi ya sa murya take suɓuce wa yaro tana hawa tana sauka, abin da muke kira fashewar murya. Yarinya ma muryarta takan ɗan sauka lokacin balaga, amma saukar kaɗan ce.

Tarihi ya ajiye mana hujja mai ban tausayi a kan wannan. A ƙasar Italiya, daga ƙarni na 16 zuwa na 19, an riƙa dandaƙe yara maza masu zaƙin murya kafin su balaga domin kada muryar ta fashe. Na ƙarshen da ya shahara a cikinsu, Alessandro Moreschi, an naɗi muryarsa a faifai a 1902 da 1904, ya mutu a 1922. Wanda kuwa ya rasa marainansa bayan ya balaga, muryarsa ba ta komawa ta yara. Wannan ita ce ƙa'idar da ya kamata mai karatu ya riƙe: abin da testosteron ya gina a maƙwallato ba ya rushewa don an janye testosteron.

Amo: aikin maƙogwaro da baki

Da a ce saurin kaɗawa ne kaɗai bambancin, to da namijin da ya maƙale murya ya kai haz 220 ya zama ba a rarrabe shi da mace. Amma kowa ya san ana gane shi. Dalili shi ne sautin da tantani yake fitarwa ɗanye ne, kamar ƙugin ƙudan zuma. Sai ya ratsa kogon maƙogwaro da baki da hanci kafin ya zama murya, kuma wannan kogo yana ƙarfafa wasu sassan sautin, yana danne wasu. Masanin ƙasar Suwidin, Gunnar Fant, shi ya tsara bayanin wannan a littafin da ya fitar a 1960.

Ana iya gwada haka a aji da kwalba. A hura bakin kwalbar da ba kome a ciki, za a ji amo mai kauri. A zuba ruwa zuwa rabi a sake hurawa, za a ji amon ya hau, saboda gurbin iskar ya ragu. Daga tantanin maƙwallato zuwa leɓe, tsawon hanyar yakan kai kimanin santimita 17.5 a namiji, 14.5 a mace, domin lokacin balaga maƙwallaton namiji yakan sauka ƙasa cikin wuya. Ɗaliban fiziks za su iya lissafa amon farko na bututu mai rufaffen gindi: a raba saurin sauti, wato kimanin santimita 35,000 a daƙiƙa cikin iska mai ɗumi, da ninki huɗu na tsawon bututun. Na namiji zai ba da haz 500, na mace kimanin 600. Kunnenmu yana jin wannan tazara ko da ba mu san sunanta ba.

Wannan hanya kuwa ana iya canja tsawonta. Turo leɓe gaba yana ƙara mata tsawo, baje shi kamar mai murmushi yana rage ta. Ɗaga maƙwallato sama ma yana rage ta. Bahaushe ya fi mutane da yawa sabawa da wannan motsi. Mai karatu ya sake ɗora yatsa a zakaran wuya ya ce "ka" sa'an nan ya ce "ƙa". A wajen furta ƙ maƙwallato yakan rufe ya yunƙuro sama ya tunkuɗo iska, haka ma a wajen ts. A wajen ɓ da ɗ kuwa ƙasa yake yi. Ke nan kullum muna ɗaga maƙwallato muna sauke shi ba tare da mun lura ba.

Rabon koyo

Kafin balaga, maƙwallaton yaro da na yarinya kusan girmansu ɗaya. Duk da haka, gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka naɗi muryoyin ƙananan yara aka kunna wa manya, sukan rarrabe namiji da mace fiye da yadda canki-canki zai bayar. Yara suna kwaikwayon manyan da suke ganin su ne irinsu tun jiki bai raba su ba.

Al'ada ma tana da hannu. Wata mai bincike a Ostireliya, Cecilia Pemberton, da abokan aikinta sun kwatanta muryoyin 'yan mata da aka naɗa a 1945 da na tsararsu da aka naɗa a 1993. Suka tarar matsakaicin ya sauka daga haz 229 zuwa 206. Shekara 48 ba ta isa ta canja halittar maƙwallaton al'umma ba, yadda mata suke amfani da shi ne ya canja. Wani binciken da aka buga a 1995 ya duba yadda matan Japan suke magana da murya mafi sirantaka a kan matan Holan, ya danganta abin da irin muryar da kowace al'umma take so ga mace. An kuma san cewa Margaret Thatcher, wadda ta zama Firayim Ministar Birtaniya a 1979, ta ɗauki horo domin ta sauke muryarta.

A ƙasar Hausa muna da namu misalan. Marigayi Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, yakan yi muryar miji ya juya ya yi ta matar a cikin waƙa ɗaya, mai sauraro bai taɓa rikicewa ba. Akwai kuma 'yan daudu, waɗanda aka daɗe da saninsu a garuruwanmu da sana'ar abinci da magana irin ta mata. Wani masanin harshe da al'ada Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya yi bincike a cikinsu a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a 2009. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne zaɓin kalmomi, da amfani da "ke" da "ta" a tsakaninsu, da habaici da karin magana, da tafa hannu da sauran motsin jiki. Maƙwallatonsu na maza ne kamar na kowa. Abin da kunne yake ji a matsayin maganar mata, koyonsa suka yi ta hanyar zama da sauraro.

Horon murya ga masu sauya jinsi

Yanzu sai mu koma ga takarda ta biyu. Mutanen da ɗalibin ya gani a bidiyo su ne waɗanda aka haifa da halittar maza amma suke jin kansu mata, suke kuma rayuwa a matsayin mata, waɗanda kafofin labarai suke kira masu sauya jinsi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundin rabe-raben cututtuka da ta amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a 2022, ta cire wannan hali daga babin taɓin hankali ta mai da shi babin lafiyar jinsi. Hukuncin al'amarin a addini da doka fage ne na malamai da masana shari'a, kuma mai karatu ya san matsayin al'ummarmu a kansa. Aikin wannan shafi shi ne bayyana abin da yake faruwa a maƙogwaro, kuma babu inda iyakar gini da koyo ta fito fili kamar a nan.

Amsar tambayar ƙwaya a taƙaice ita ce a'a. Irin waɗannan mutane sukan sha homon ɗin mata mai suna estrojin, tare da maganin da ke danne testosteron. Wannan yana canja fata da rabon kitse a jiki, amma ba ya rage tsawon tantanin da ya riga ya girma, kamar yadda ƙa'idarmu ta baya ta nuna. Akasin haka kuwa yana aiki: mace da ta sha testosteron muryarta takan yi kauri cikin wata uku zuwa shekara guda, kuma ba ta komawa.

Saboda haka wasunsu horo suke yi a wurin ƙwararrun gyaran magana da murya. Fannin ya bunƙasa har aka fitar da littafin koyarwa na musamman a kansa a Amurka a 2006, wanda Richard Adler da Sandy Hirsch da Michelle Mordaunt suka tsara. Horon yakan ɗauki watanni, ana zama da malami sau ɗaya a mako, ana kuma maimaitawa a gida kullum, kuma yakan bi matakai kamar haka.

Da farko likita yakan duba maƙwallato ya tabbata lafiyarsa ƙalau, a kuma naɗi muryar a auna ta. Na biyu, a koyi numfashi da sassauta tsokokin wuya. Ɗaya daga cikin darussan shi ne rera sauti ta cikin siririn tsinken shan lemo, dabarar da masanin murya Ingo Titze ya yi bincike mai yawa a kanta, wadda take sa tantanin ya kaɗa ba tare da gogayya mai tsanani ba. Na uku, a ɗaga murya sannu a hankali, daga sauti guda zuwa kalma, zuwa jimla, zuwa hira. Bincike ya nuna cewa masu sauraro sukan fara ɗaukar murya a matsayin ta mace idan ta kai kimanin haz 155 zuwa 180, kuma abin da horo yakan ƙara a matsakaici bai wuce haz 25 zuwa 40 ba. Na huɗu, wanda ƙwararru da yawa suke ganin ya kai na ukun muhimmanci, shi ne amo: a ɗan ɗaga maƙwallato, a matso da harshe gaba, a baje leɓe, wato a rage girman kwalbar nan tamu. Na biyar, hawa da saukar murya cikin jimla, da taushin furuci, har da dariya da tari, domin su ne sukan fara tona asalin murya.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin harshe. An tsara yawancin waɗannan darussa ne da Ingilishi, inda mutum zai iya ɗaga kalma ko ya sauke ta ba tare da ma'ana ta canja ba. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, ko "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, hawa da saukar murya ne kaɗai suka raba su. Ƙaramin yaro da dattijo duk suna faɗinsu a gane, saboda kunne tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin yake aunawa. Duk mai gyaran muryar Bahaushe, ko don wane dalili ne, dole ya kiyaye wannan tazara.

Tiyata ita ce hanya ta ƙarshe, ga waɗanda horo bai gamsar da su ba, kuma dabarunta uku sun yi daidai da abubuwa ukun nan na tsirkiya. Akwai ɗamewa, inda ake ɗinke guringuntsi biyu na maƙwallato a matso da su, hanyar da likitan Japan Nobuhiko Isshiki ya bayyana a 1974. Akwai gajartawa, inda ake haɗe gaban tantanin biyu domin ɓangaren da ke kaɗawa ya ragu, hanyar da ake dangantawa da likita Bajamushe Jürgen Wendler. Akwai kuma rage kauri da hasken leza. Tiyata takan ɗaga murya fiye da horo, amma tana iya barin mutum da dushewar murya, da raguwar ƙarfinta, da ƙuncin hawa da sauka. Bugu da ƙari, ba ta taɓa tsawon maƙogwaro da baki, saboda haka ko bayan an yi ta sai an koma ga horo.

Amsa ga mai takarda ta farko

Ɗalibin da gemu ya fito masa amma murya ta ƙi sauka, labarinsa ya fi sauƙi. Idan sauran alamun balaga sun bayyana, mafi yawan lokaci maƙwallato ya riga ya girma, tantanin ya yi tsawo, amma yaron ya ci gaba da riƙe maƙwallaton a sama yana ɗame shi kamar da. Wani lokaci kunyar fashewar murya ce ta sa ya maƙale wa tsohuwar, har abin ya zama sabo. Alamar da take nuna haka ita ce idan ya yi tari ko gyaran murya, sai a ji sauti mai kauri ya fito.

Daga wannan tarin ake fara gyara. Ƙwararre yakan sa yaron ya yi tari ya zarce da "aaa", ko ya yi hamma ya sauke ajiyar zuciya da sauti, ko kuma ya danna zakaran wuyan a hankali da yatsa domin tantanin ya saki, dabarar da ake jingina wa Hermann Gutzmann, likitan magana na birnin Balin a farkon ƙarni na 20. Sau da yawa sabuwar muryar takan fito a zama ɗaya ko biyu. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne yaron ya samu ƙarfin zuciyar yin magana da ita a gaban 'yan gidansu da abokansa. Idan kuwa yaro ya wuce shekara 14 zuwa 15 babu wata alamar balaga ko ɗaya, wannan batun homon ne, sai a kai shi asibiti a auna jininsa.

Siririyar murya ba ta nuna halin yaro, ba ta kuma auna mazantakarsa. Malamin da ya ji ana yi wa ɗalibi irin wannan laƙabi ya kamata ya tsawatar, domin yaron da ya daina ɗaga hannu a aji karatunsa ne yake zubewa.

'Yan mata da kaurin murya

Ƙa'idar rashin komawa tana da gargaɗi ga mata. Magungunan ƙara tsoka da wasu masu wasanni suke sha dangin testosteron ne. 'Yan wasa mata na tsohuwar Jamus ta Gabas da aka ɗura wa irinsu a shekarun 1970 da 1980, da yawa sun ƙare da kakkaurar murya har abada. Don haka kada mace ta sha ƙwaya ko ta yarda a yi mata allurar da ba ta san abin da ke cikinta ba. Har ila yau, idan muryar yarinya ta yi kauri farat ɗaya, tare da fitowar gashi a fuska ko rikicewar al'ada, jiki ne yake iya kasancewa yana fitar da homon ɗin maza fiye da kima. Haka abin yake ga wasu daga cikin waɗanda ake haifa mata-maza. Duk waɗannan larurori ne da likita zai bincika, kuma saurin zuwa asibiti yana da amfani tun tantanin bai gama yin kauri ba.

Malamai da kiwon murya

Darussan numfashi da sassauta wuya da muka ambata, suna da amfani ga masu cin abinci da murya: malaman makaranta, da ladanai, da masu jan baƙi, da mawaƙa, da 'yan kamasho. Wani bincike da Nelson Roy da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2004 ya gano cewa kimanin kashi 58 cikin 100 na malaman makaranta sun taɓa fama da matsalar murya, alhali a sauran ma'aikata kashi 29 ne. Malamin da yake koyarwa a Katsina yana da ƙarin kaya: aji cike maƙil, da ƙurar alli, da busasshiyar iskar hunturu. Tantanin da yake karo da ɗan'uwansa da ƙarfi kullum yakan yi kanta, kamar tafin hannun manomi, sai murya ta dushe.

Kariyar ba ta da tsada. A yawaita shan ruwa. A matso kusa da ɗalibai maimakon ƙwala kira daga bakin allo, a kuma buga tebur ko a tafa idan ana neman shiru. Idan murya ta dushe a huta da ita, kada a koma raɗa mai ƙarfi, domin ita ma tana gajiyar da maƙwallato. A guji taba. A sani kuma cewa beli yana can sama a ƙarshen hanɗa, nesa da tantanin maƙwallato, saboda haka cire shi a wurin wanzami ba ya maganin dushewar murya, sai ma ya jawo zubar jini ko shigar ƙwayoyin cuta. Dushewar da ta kai mako huɗu ba ta warke ba, musamman ga mai shan taba, tana bukatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani, domin wani lokaci ita ce alamar farko ta ciwon daji. Ana samun irin waɗannan likitoci a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Kammalawa

Mun ga cewa tsawon tantanin maƙwallato da kaurinsa aikin homon ne lokacin balaga, kuma da zarar an gina su ba ƙwayar da take mai da su baya. Mun kuma ga cewa ɗamewar tantanin, da matsayin maƙwallato, da siffar baki, da salon magana, duk abubuwa ne da ake koya, ana kuma iya sake koyonsu. A kan wannan kashi na biyu ne horon murya yake aiki, ko ga mai sauya jinsi a Turai, ko ga malamin da muryarsa ta dushe, ko ga saurayin da tasa ta ƙi sauka. Ina ba ƙungiyoyin kimiyya na makarantu shawara su gwada auna muryoyin 'yan ajinsu da manhajar auna sauti ta waya, daga aji ɗaya zuwa aji shida, su zana jadawalin abin da suka samu, su gabatar da shi ranar 16 ga Afrilu, wadda ake kira Ranar Murya ta Duniya. Ga ɗalibin nan na Ƙofar Guga kuwa, in wannan mujalla ta iso hannunsa, ya samu wani malami da ya amince da shi ya nuna masa wannan shafi, su nemi hanyar ganin likita tare.